Ɗanmaraya Jos da rayuwar mawaƙin da ba shi da ubangida

Tambaya: Ni matashi ne, ina tsara waƙoƙina da kaina, ina kuma kaɗa gurmi. Ba ni da ubangida, ba na ƙarƙashin wani kamfani ko ƙungiya. Duk wanda na gaya wa burina sai ya ce ai ko Ɗanmaraya Jos haka ya yi. Shin da gaske ya rayu da waƙa shi kaɗai ba tare da ya jingina da kowa ba? Yaya aka yi hakan ta yiwu, kuma hanyar tana nan har yanzu?

Amsa: Ƙanena, masu ba ka misali da Ɗanmaraya sun yi gaskiya, sai dai rabin zancen suka faɗa maka. Mutumin ya yi kusan shekara 50 yana waƙa ba tare da ya zama makaɗin wani sarki ko yaron wani attajiri ba. Amma kada ka ɗauka ya rayu ba ya bukatar kowa. Ya karɓi kyauta, ya yi yabo, ya yi wasa a bukukuwan masu kuɗi da tarukan gwamnati. Abin da ya bambanta shi da yawancin tsararrakinsa shi ne babu mutum guda da abincinsa ya rataya a wuyansa, don haka babu mutum guda da zai iya ce masa wannan ka waƙe, wannan ka bari. Kuma abin da ya ba shi wannan dama, kafin a zo maganar ƙarfin zuciya, shi ne irin kayan kiɗan da ya zaɓa da irin garin da ya tashi a cikinsa.

Sai ka fara sanin tsarin da ya tarar kafin ka gane girman abin da ya yi. A ƙasar Hausa ta da, babban makaɗi yana da gida. Ibrahim Narambaɗa na Sarkin Gobir na Isa ne. Salihu Jankiɗi Sarkin Taushin Sarkin Musulmi ne. Musa Ɗanƙwairo da Sa'idu Faru duk a jikin sarauta suka gina sunansu. Makaɗin fada yana samun muhalli da gona da hatsi, da riga da rawani lokacin salla, wani lokaci har da doki. Shi kuma aikinsa ya wasa ubangidansa, ya jero asalinsa da nasarorin kakanninsa, ya yi zambo da habaici ga 'yan'uwan sarki masu harin gadon sarauta. Ba ya ɗaukar kotsonsa ya tafi wata fada yawon kiɗa sai da izini. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ba ina rage darajar waɗannan bayin Allah ba ne, don a wajen zurfin Hausa da iya sarrafa magana har yau ba a yi kamar Narambaɗa ba. Abin da nake nuna maka shi ne iyakar gonarsu a shace take, kuma ba su ne suka shata ta ba.

Akwai kuma makaɗan sana'a, su ma da nasu iyayen gidan: masu kiɗan mahauta da kalangu, masu kiɗan maƙera, masu kiɗan noma, masu kiɗan 'yan dambe irin su Ɗan Anace, da na 'yan tauri da mafarauta irin su Kassu Zurmi. Kowa da rukunin da yake ci daga gare shi, yawanci kuma gado ne.

An haifi Adamu Wayya a Bukuru, kusa da Jos, a shekarar 1946. Mahaifinsa mutumin ƙasar Sakkwato ne, makaɗin Sarkin Hausawan Bukuru. Uban ya rasu yana jariri, uwar ma ba ta daɗe ba ta bi shi, sai sarkin ya ɗauki yaron ya riƙe. Daga nan sunan Ɗanmaraya ya bi shi har ya danne na yanka. Lura da wannan da kyau: ɗan makaɗin fada ne, a gidan sarauta kuma ya girma. Ke nan hanyar da kowa zai zata zai bi a buɗe take a gabansa, wato ya gaji ubansa ya ci gaba da wasa sarki. Bai bi ta ba.

Bukuru ta wancan lokaci ba irin Isa ko Maradun ba ce. Garin kuza ne. Tun farkon mulkin Turawa kamfanonin haƙar kuza suka mamaye tsaunukan Filato, jirgin ƙasa ya iso, mutane suka yi ta kwarara daga Kano da Katsina da Sakkwato da Barno, ga Ibo da Yarabawa, ga 'yan ƙasa Birom da sauran ƙabilun yankin. Lebura da ɗan kwangila da direba da makaniki da mai sayar da abinci a bakin tasha, su ne jama'ar gari. Mutane ne masu karɓar albashi a ƙarshen mako ko ƙarshen wata, da kuɗi a aljihu ko da kaɗan ne, kuma yawancinsu sun baro garuruwansu da sarakunansu a baya. Irin wannan taro ba ya bukatar a jero masa sunayen kakannin wani basarake. Yana son ya ji an ambaci rayuwarsa. Duk mawaƙin da ya gane haka ya sami kasuwar da ba ta da mai ita. Da a wani ƙauyen Zamfara aka haife shi, inda duk wata kyauta mai tsoka daga hannun hakimi take fitowa, ban ga yadda zai yi abin da ya yi ba.

Sai kayan kiɗan. A wata tafiya da ya yi zuwa Maiduguri yana yaro ya ga masu kaɗa kuntigi, abin ya shiga ransa, da ya dawo gida ya haɗa nasa. Kai da kake kaɗa gurmi ka san danginsa: garaya da molo da gurmi duk gida ɗaya suke. Kuntigi shi ne autansu. Gwangwanin kifi ne mai ɗan tsawo ake rufe bakinsa da fatar akuya, a soka sanda, a ɗaura tsirkiya guda ɗaya tak. Wasu kan maƙala ɗan ƙarfe mai zobba a ƙarshen sandar don ya riƙa ba da ƙara idan ana kaɗawa. Shi ke nan. Yaro zai iya haɗa shi da abin da ya tsinta, idan tsirkiya ta tsinke a ɗaura wata, idan fata ta yage a sake ta cikin yini guda.

A nan ne nake son ka tsaya ka yi lissafi, domin a nan sirrin yake. Dubi Alhaji Mamman Shata. Shi ma bai zama makaɗin wata fada guda ba, ya waƙe sarki ya waƙe direba ya waƙe ɗan kasuwa, kuma ba a taɓa yin mawaƙin da ya kai shi ƙarfin faɗa a ji ba. Amma Shata ba ya motsawa sai da ayari: masu kalangu, 'yan amshi, sanƙira mai yi masa roƙo da kirari, direba, da yaran da ke ɗaukar kaya. Kowannensu yana da iyali, kowannensu yana jiran rabonsa daga abin da aka samu a daren. Mai irin wannan ayari dole ya nemi inda manyan kyaututtuka suke, mota da kujerar Makka da damin kuɗi, in ba haka ba ƙungiya ta watse. Nauyin da ke kansa shi ke zaɓar masa wurin da zai je. Ɗanmaraya kuwa ya sa kuntiginsa a jaka ya hau mota ɗaya, kujera ɗaya. Abin da aka liƙa masa nasa ne, ba mai jiran kaso. Idan wasa bai kawo kuɗi ba, cikinsa kaɗai ya kwana da yunwa. Mutumin da kuɗin tafiyar da sana'arsa bai taka kara ya karya ba yana iya ƙin gayyatar da ba ta yi masa ba, yana kuma iya ɓata dare guda yana yi wa wanda ba shi da ko sisi waƙa. Mai ciyar da mutum goma sha ba zai iya ba, ko da yana so.

To amma kaɗaici yana da nasa tsadar a cikin waƙar kanta, kuma wannan ya shafe ka kai tsaye. A waƙar ƙungiya, jagora yana faɗin ɗan waƙa, 'yan amshi su karɓa da gindin waƙa, shi kuma ya sami sararin numfasawa da tunanin abin da zai kawo gaba. Amshi shi ne wurin hutun mawaƙi, shi ne kuma abin da mai sauraro ke riƙewa ya tafi da shi gida. Wanda yake shi kaɗai ba shi da wannan gata. Idan ya yi shiru, fili ya yi shiru. Ɗanmaraya ya magance wannan ta hanya biyu. Ta farko, ya mai da kuntigin ɗan amshinsa: ya faɗi magana, ya saki tsirkiya ta maimaita karin, ya dawo ya ɗora. Saurara da kyau za ka ji kiɗan ba rakiya kawai yake yi ba, amsa masa yake yi. Ta biyu, wadda ta fi burge ni, ya shigo da wasan kwaikwayo cikin waƙa. A waƙarsa ta Gulma-Wuya, inda yake ba da labarin wata magulmaciya da ke haɗa baki da boka tana raba mata da mazajensu, shi ne magulmaciyar, shi ne matar gida, shi ne bokan, yana sauya murya daga wannan zuwa wancan. Mutum ɗaya da gwangwani ɗaya, amma kana jin kamar tsakar gida ce cike da mutane. Rashin 'yan amshi ne ya tura shi ga wannan dabara, ita ce kuma ta zama tambarinsa. Haruna Uji na Haɗeja, wanda ya riƙe irin gurmin da kake kaɗawa, shi ma ya nuna cewa mutum ɗaya yana iya riƙe fili, ko da yake shi ya fi karkata ga soyayya da nishaɗi.

Waƙar da ta fara fito da shi ita ce ta Karen Mota. Ka tuna wane ne karen mota a wancan zamani na manyan motocin katako masu jigila tsakanin Jos da Kano da Maiduguri da Kudu. Shi ne yaron da ke loda kaya da saukewa, ya ɗaure tamfol, ya diro da gudu ya sa weji a bayan taya idan mota ta tsaya a kan tudu, ya shiga ƙarƙashinta idan ta lalace, ya kwana a gefenta yana gadi direba na barci a masauki. Rigarsa baƙin mai, sunan da ake kiransa da shi ma na raini ne. A al'adar roƙo, yabo kaya ne mai tsada da ake kai wa wanda zai iya biya. Ɗanmaraya ya ɗauki wannan kaya ya kai wa wanda ba a taɓa tunanin ya cancance shi ba. Ni a ganina duk abin da ya yi daga baya daga wannan waƙa ya tsiro. Kuma kada ka ɗauka asara ya yi ta fuskar sana'a. Karen mota ɗaya ba zai ba ka doki ba, amma karnukan mota dubbai ne, suna kowace tasha, su ne kuma ke yawo da labari daga gari zuwa gari. Yaron yau shi ne direban gobe, wani ma mai motar jibi. Ya sami masoyan da suka ɗauki sunansa suka kai inda ƙafarsa ba ta taɓa zuwa ba.

Daga nan ya shiga cikin gidajen mutane. Jawabin Aure tana zayyana abin da saki ke jawowa tana roƙon ma'aurata su sasanta. Auren Dole tana faɗa wa iyaye gaskiya a kan ɗaura wa yarinya aure da wanda ba ta so. Mai Akwai da Babu tana duban zaman mai shi da marar shi. Ɗan Adam Mai Wuyar Gane Hali sunanta ya isa bayani. Ka yi tunanin lokacin da aka yi waɗannan waƙoƙi, lokacin da uba ke ba da 'yarsa ba tare da ya tambaye ta ba, kuma ba mai ganin laifinsa. Wa ke aurar da 'ya'ya ta wannan hanya, wa kuma ake aura wa? Sau da yawa masu hali ne da masu mulki, wato mutanen da makaɗin fada ke ci a hannunsu. Wanda ke jiran rigar salla daga irin wannan gida zai yi wuya ya buɗe baki a kan auren dole. Ɗanmaraya ya buɗe, ya kuma yi shi cikin raha da hannunka mai sanda, yadda wanda abin ya shafa zai yi dariya tukuna kafin maganar ta soke shi.

Akwai masu cewa Hausarsa ba ta da zurfi idan aka gwada da ta makaɗan Sakkwato da Zamfara, babu tsofaffin kalmomi, babu kirari mai sarƙaƙiya da sai an zauna an warware. Haka ne, kuma ban ɗauke shi aibi ba. Hausar Jos ya yi waƙa da ita, Hausar kasuwa da tasha da bariki, wadda Birom da Angas da Tibi da Ibo mazauna Arewa ke ji ba tare da tafinta ba. Waƙar Narambaɗa tana bukatar Bahaushen da ya san sarauta da tarihin Gobir kafin ya sha romonta duka. Ta Ɗanmaraya tana shiga kunnen duk wanda ya iya cinikin tumatir da Hausa. Shi ya sa za ka tarar da dattijo Kirista a Filato ko Kudancin Kaduna ko Binuwai yana rera waƙarsa baiti bayan baiti. Sauƙin harshen zaɓi ne na mai sanin su wa ke saurarensa, kuma yin magana mai nauyi da kalmomi marasa nauyi ya fi wuya nesa ba kusa ba. Gwada ka gani.

Yanzu ga maganar da masu ba ka misali ba su faɗa maka ba. Ɗanmaraya ya yi waƙoƙin yabo, da yawa ma. Ya waƙe masu kuɗi da masu muƙami da suka kyautata masa, don yabo shi ne jarin kowane mawaƙin Hausa na zamaninsa, ba a kuma cin suna a ƙoshi. Lokacin yaƙin basasa, daga 1967 zuwa 1970, ya tsaya a ɓangaren gwamnatin tarayya, ya yi wa sojoji waƙoƙin ƙarfafa gwiwa masu ɗauke da hotunan fagen fama. Gwamnatocin da suka biyo baya sun jingina da mawaƙa wajen wayar da kan jama'a, shi ma an yi ta gayyatarsa tarukan hukuma, har ya wakilci Najeriya a ƙasashen waje. Ya sami lambar girmamawa ta ƙasa, Jami'ar Jos kuma ta ba shi digirin girmamawa na dakta. Duk wannan hulɗa ce da masu iko. Bambancin shi ne ƙofofin samunsa suna da yawa: biki, liƙi, kyautar masoya, gayyatar hukuma, faifai, tafiye-tafiye. Idan ɗaya ta rufe, saura na buɗe. Wanda ya yi wa waƙa yau ba ya mallakar bakinsa gobe. Wannan shi ne zaman kai da ake iya samu a sana'ar waƙa, ban kuma san wani iri da ya wuce shi ba a ko'ina.

Rediyo ta yi masa abin da fada ke yi wa makaɗan da. Gidan rediyon Kaduna, wanda aka buɗe a 1962, ana kama shi a duk faɗin Arewa har Nijar da Kamaru da zangon Hausawa na Gana. Kafin rediyo, mawaƙi yana bukatar babban mutum da zai tara masa jama'a a ƙofar gidansa. Da rediyo ta zo, muryar mai gwangwanin kifi da ta makaɗin Sarkin Musulmi suka riƙa fitowa daga akwati ɗaya, ɗaya bayan ɗaya, mai sauraro ya zaɓi wadda ta yi masa. Sannan ga faifan garmaho, daga baya kaset.

Amma a nan ne kuma aka cuci mawaƙan wancan ƙarni gaba ɗayansu, abin yana kuma ci mini rai duk lokacin da na tuna. Yawanci kuɗi ake ba mawaƙi sau ɗaya a ɗauki muryarsa, daga nan abin da aka ɗauka ya zama na wanda ya ɗauka. Da kaset ya yawaita, kowa da rikoda biyu ya zama kamfani, a kwafa a sayar a kasuwa ba tare da ko kwabo ya koma wa mai waƙar ba. Dokar haƙƙin mallaka ta 1988 ta zo, amma kafin ta yi wani tasiri a kasuwannin Arewa an riga an gama kwashe amfanin. Yau waƙoƙin Ɗanmaraya suna cike da YouTube da wayoyin mutane, waɗanda suka ɗora su kuma galibi ba su da wata alaƙa da shi ko iyalinsa. Ya mallaki bakinsa, amma bai mallaki abin da bakin ya fitar ba. Idan kana son ka ga wanda ya toshe wannan ɓaraka, dubi wata mawaƙiyar Amurka mai suna Ani DiFranco, mai kaɗa jita tana rera waƙoƙin da ta tsara da kanta. A 1990, tana da shekara 19 zuwa 20, ta kafa ɗan kamfaninta mai suna Righteous Babe a garinsu Buffalo, ta riƙa sayar da kaset ɗinta a wuraren da take wasa. Da ta yi suna manyan kamfanoni suka yi ta zawarcinta, ta ƙi. Sakamakon haka duk abin da ta rera nata ne. Ita ta tashi a inda doka ke aiki, akwai kuma tsarin rarraba faifai da za a iya dogara da shi, abin da Ɗanmaraya bai samu ba. Kai kuwa kana da damar da ta fi tasa kusa da tata.

Akwai wata tsadar kuma. Makaɗin ƙungiya yana barin magada, domin 'yan amshinsa da 'ya'yansa sun haddace waƙoƙin suna kuma ci gaba da yi bayan ransa, kamar yadda zuriyar Ɗanƙwairo ke yi har yanzu. Mai waƙa shi kaɗai ba shi da wannan makaranta a bayansa. Ranar da ya kwanta ciwo sana'a ta kwanta, ba wanda zai je wasa a madadinsa. Ɗanmaraya ya zauna a Jos cikin shekarun da rikici ya raba garin gida biyu tun daga 2001, garin da cakuɗuwar mutanensa ce ta haifi irin waƙarsa. A can ya rasu ranar 20 ga Yuni, 2015. Allah ya jiƙansa. Tun daga lokacin ba a sami wanda ya ɗauki kuntigi ya kai shi ko kusa da inda ya kai shi ba.

To, hanyar tana nan? Tana nan, har ta fi da faɗi ta wani gefen, ta kuma fi ƙunci ta wani. Ta fi faɗi domin abin da rediyon Kaduna ta yi masa, wayar da ke hannunka za ta iya yi maka ba tare da ka nemi alfarmar kowa ba. Ta fi ƙunci domin kunnen jama'a ya saba da kiɗan fiyano na situdiyo tun da finafinan Hausa suka bunƙasa a shekarun 1990, sannan fada ta dawo da sabuwar riga. Fadar yau ita ce siyasa. Ɗan takara zai ba ka a waƙa ɗaya abin da ba za ka samu a bukukuwan shekara ba, mota ma ana bayarwa. Ba zan ce maka haramun ne ba, kuma na san halin da matasa ke ciki. Amma ka sani ranar da aka san ka da mawaƙin wane, rabin masu saurarenka sun tafi, sauran rabin kuma ba za su yarda da kai ba idan ka zo yin waƙa a kan tsadar abinci ko rashin tsaro. Ubangidan siyasa ma bai kai sarki riƙon amana ba, don sarki yana riƙe makaɗinsa har mutuwa, shi kuwa wa'adinsa shekara 4 ne.

Shawarata gare ka ita ce ka riƙe gurminka, kada ka yi saurin tara yara da kayan kiɗan da za su zame maka bakunan ciyarwa. Idan kana da wata sana'ar hannu ko gona, kada ka sake ta yanzu, don ita ce za ta ba ka ƙarfin cewa a'a. Ka duba su wane ne karnukan motar zamaninka: ɗan acaɓa, mai Keke Napep, mai turin ruwa a kura, yarinyar da ke aikatau a gidan masu kuɗi, ɗan gudun hijirar da ya baro gonarsa saboda 'yan bindiga. Ka zauna da su har ka san kalmomin da suke amfani da su a tsakaninsu, domin abin da ya sa waƙar Karen Mota ta kama shi ne wanda ya yi ta ya san aikin daki-daki, ba daga nesa ya hango shi ba. Waƙar tausayi daga wanda bai san wahalar ba, masu wahalar ne ke fara gane ta.

Sannan ka gyara inda aka cuci na gabanka. Duk lokacin da za ka shiga situdiyo, ku yi rubutacciyar yarjejeniya tun kafin a kunna na'ura, ko da mai situdiyon abokinka ne: kuɗin aiki kake biya, waƙar da muryar da kiɗan naka ne. Ka karɓi asalin abin da aka ɗauka ka adana a wuri fiye da ɗaya, kada ka bar shi a kwamfutar wani kaɗai. Ka buɗe shafukanka na YouTube da Audiomack da sunanka da lambar wayarka, ba da na wani mai taimaka maka ba, don rigingimu da yawa daga nan suke farawa idan kuɗi ya fara shigowa. Najeriya ta yi sabuwar dokar haƙƙin mallaka ta 2022 wadda ta shafi abin da ake ɗorawa a intanet, Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Ƙasa kuma tana karɓar rajistar ayyuka, saboda haka ka yi wa waƙoƙinka rajista. Idan mai shirya fim ko ɗan talla ya nemi waƙarka, ka ba shi izinin amfani da ita na wani lokaci a kan wani kuɗi, a rubuce, kada ka sayar masa da ita ɗungurungum.